Ƙarfen da Auta Ya Sa wa Suna Baba

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara da jikoki. Yaya ciwon gwiwar nan? Allah ya ƙara sauƙi. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san ban yi nisa a makaranta ba, ga shi kuma hannuna na rawa kwanakin nan. Zan gaya miki dalili.

Tun da kika koma bayan rasuwar Auta gidan nan ya yi mini faɗi. Har yanzu in na ji ƙarar babur a ƙofa sai in miƙe zan buɗe. Allah ya jiƙansa. Amma ba kuka na zauna in yi miki ba, kin ga isasshe.

Kin san tun da ɓarin jikin Babansa ya shanye, Auta ne ke ɗaga shi, daga gado zuwa keken marasa lafiya, daga keke zuwa banɗaki, da yamma ya fito da shi gindin bishiyar ƙofar gida ya ga mutane. Yana ɗauka yana tsokanarsa, wai, "Direba, yau kai ne kaya, ni ne mota." Yayyensa mata duk suna gidajen aurensu nesa. Yanzu mai walda na bakin layi, abokin Auta, shi ke zuwa safe da yamma. Allah ya saka masa, amma mutum ne mai iyali da sana'a.

Ran nan da hantsi ina kicin sai na ji tim. Maigidan ne ya miƙa hannu zai ɗauki kofi, ya zamo daga gado. Yaya, na ja, na tura, na rungumo shi ta baya, ko gezau. Na leƙa layi, maza duk sun tafi aiki. Sai na dawo na zauna a ƙasa, na ɗora kansa a cinyata ina yi masa fifita, har mai walda ya dawo daga sayen ƙarfe bayan azahar. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana tuƙa babbar mota, ga shi a siminti kamar buhu, ya juya fuska bango don kar in ga hawayensa.

Labari ya kai kunnen wansa. Ya zo ya yi magana ta hankali, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ce yana gyara ɗaki a bayan gidansa, da zarar an gama zai zo ya tafi da ƙanensa, tunda yana da samari masu ɗaga shi. Ni kuma wai in taho wurinki in huta. "Kin yi iya yinki, ƙanwata." Na ce ni ba zan bi shi ba? Ya ce gidan a cike yake, sai dai in riƙa zuwa dubiya. Dubiya, Yaya! Mutumin da tun da harshensa ya karye ba mai gane maganarsa sai ni.

Bayan tafiyarsa na fita tsakar gida. Kin tuna ƙarafan Auta da ke jikin katanga, waɗanda kika yi tuntuɓe da su kika ce a ba 'yan gwangwan? Gwangwanayen fenti ne ya cika da siminti ya soka musu bututu, sai faifan birkin mota da mai walda ya haɗa masa. Akwai babba guda da ya sa wa suna Baba, don daidai nauyin ubansa ya haɗa shi. Kullum da safe sai ya ɗaga shi, ya leƙa taga ya ce, "Baba, na ɗaga ka tun ba ka tashi ba." Na kama shi, sai na ji kamar gindin bishiya na kama. Na koma kan mafi ƙanƙanta. Shi kam ya tashi. Shi ya sa hannuna ke rawa.

Na ƙudura a raina, kafin a gama ɗakin can sai na ɗaga Baba. Addu'a nake nema, ba faɗa ba.

Ki gaida mutanen gida duka.

Ƙanwarki,
Tsinke

*

Yaya,

Salamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali? Na ji jikarki ta fara tafiya, Allah ya raya ta. Wasiƙarki ta iso, kuma faɗan da na ce kar ki yi shi kika cika takarda da shi. Na karanta, na yi dariya, na yi hawaye. Kin ce ke kika sa mini suna Tsinke don iska na iya ɗauke ni, ina ni ina ƙarfe. To Tsinken ta fara kauri.

Kin tambaya ko mutane ba sa magana. Suna yi mana. Matar mai shago ce ta fara hango ni daga bene tana shanya, kafin la'asar duk layi ya ji. In na je famfo sai wata ta ce, "Maman Auta, bar bokiti, tankin za ki ɗauka." Yara kan hau katanga suna kirana Mama Ƙwanji. Wata dattijuwa ta ja ni gefe ta ce in ji tsoron Allah, mahaifata za ta zazzago. Na ce mata, "Inna, ai wannan ta yi ritaya tun haihuwar Auta." Har ita sai da ta dara.

Duk wannan bai dame ni ba. Wadda ta shige ni ita ce wadda na ji da kunnena a bayan shago, ba su san ina tsaye ba. Wai ɗanta ko daɗewa bai yi a ƙasa ba, tana can tana wasan samari, ko dai baƙin ciki ya taɓa mata kai, ko kuma dama ba ta damu ba. Yaya, na dawo gida ban sayi sabulun da na je saye ba. Na lulluɓe ƙarafan da tsohuwar tabarma, na yi kwanaki ban kalle su ba.

Sai wata safiya ina share ɗaki tsintsiya ta kai daidai inda Maigidan ya faɗi. Na tsaya ina kallon wurin. Na tuna ranar da na leƙa layi ina neman mai taimako, duk masu bakin nan suna ina? Maganarsu ba ta ɗaga shi daga siminti ba ran nan, ba kuma za ta ɗaga shi gobe ba. Na jingine tsintsiya na je na yaye tabarma.

Mai walda ya nuna mini yadda ake yi. Ashe ni da baya nake ɗauka kamar mai tsince shinkafa. Ya ce, "Mama, da ƙafa ake ɗauka. Ki sauka kamar za ki zauna a kujera, ƙirji sama, ki ja numfashi ki riƙe, sannan ki tura ƙasa da dugaduganki." Ya ce kar in yi gaggawa, sai wanda nake kai ya zame mini wasa sannan in ƙara. Ina saka wandon Auta a ƙarƙashin zane. Yanzu na wuce ƙananan gwangwanaye, ina kan faifan birki. Tafin hannuna ya yi kanta. Shekaranjiya na ɗauki buhun gawayi daga ƙofa har kicin, mai gawayin ya saki baki yana kallona.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba sai ke. A jikin kowane bututu Auta ya naɗa roba inda yake riƙewa, robar ta yi santsi da hannunsa. In na ɗora nawa a kai, ji nake kamar ya riƙe ni. Masu cewa ban damu ba, ba su san nan nake zuwa gaishe da ɗana kowace safiya ba.

Abu ɗaya ke damuna. Maigidan yana ramewa. Kwanonsa na dawowa a share, amma wuyansa sai tsawo yake. An duba shi a asibiti, ba su ga sabon ciwo ba. Ga shi an ce ɗakin can har an yi rufi.

A gaida maigida da yara.

Taki,
Tsinke

*

Yayata ta kaina,

Bayan sallama da fatan alheri, ina fata gwiwa ta yi sauƙi. Wannan gajeruwa ce, amma in ban gaya miki ba cikina zai fashe.

Na kama ɓarawon abinci. Kin san magen nan ta Auta? Na daɗe ina mamakin ƙibar da take yi, har na zaci ciki ne da ita. Jiya na kai wa Maigidan abincin rana, na ce zan je wanki, sai na tuna ban ɗebo kayan da ke bayan ƙofa ba. Ina dawowa na tarar ya sauke kwano da hannunsa mai lafiya, mage ta tusa kai a ciki, shi kuma yana gadin ƙofa da ido.

Na ce, "Baban Auta, mene ne haka?" Ya kau da kai kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya. Na sake tambaya. Da ƙyar ya haɗa maganar, da harshen nan nasa mai nauyi. Ya ce yana jin nishina ta taga kowace safiya. Ya ce, "Ina rage miki kaya ne."

Yaya, na zauna a bakin gado. Ashe ni ina can ina ƙara ƙarfe, shi yana nan yana rage kansa don mu haɗu a tsakiya. Na yi kuka, sannan na yi masa faɗan da ban taɓa yi masa ba tun aurenmu. Na ce, "Ni ba rabin miji nake son ɗagawa ba. Auta ya auna ka ya haɗa ƙarfe, kuma wannan nauyin nake bi. In ka rage ko loma ɗaya ka cuce ni, ka cuci aikin yaron nan." Na kori mage, na zubo wani abincin, na zauna a gabansa har ya share kwano yana hararata.

Yanzu tare muke ci. Da safe kuma mai walda kan tura keken Maigidan bakin ƙofar ɗaki don ya kalle ni ina yi. In na lanƙwasa baya sai ya buga hannun keke. Direba ya koma mai horarwa.

Ki sa mu a addu'a.

Tsinke

*

Zuwa ga Yayata abin ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata wannan takarda za ta same ku cikin ƙoshin lafiya kamar yadda muke a nan. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki karanta, kuma ɗakin da kika ce kin share mini, ki mayar wa jikokinki.

Na ɗaga Baba. Wata safiya ce kamar kowace, na sauka, na ja numfashi, na tura ƙasa, sai kawai na gan ni a tsaye da shi a hannu. Na juya wajen Maigidan na ce, "Na ɗaga ka." Ya rufe fuska da hannu. Daga ranar na fara sauke shi daga gado zuwa keke da kaina, mai walda na tsaye kusa ko da wani abu.

Ran Asabar wan Maigidan ya iso da mota da samarinsa biyu. Maƙwabta suka shigo sallama, har da matar mai shago, tsakar gida ta cika. Samarin suka nufi gado, na ce, "Ku dakata, 'ya'yana." Na haɗa gwiwata da tasa, ya saƙalo wuyana da hannunsa mai lafiya, na miƙe da shi na zaunar a keke. Wan ya jinjina kai ya ce, "Sannu da ƙoƙari, ƙanwata. Amma daga gado zuwa keke daban. In ya sake faɗuwa ƙasa fa, ba kowa a layi?"

Gaskiya tun ranar da ya faɗi ban sake gwada ɗaga shi daga ƙasa ba. Sai Maigidan ya buga hannun keke ya yi magana. Wan ya ce me yake cewa? Na ce, "Cewa ya yi a kwantar da shi a ƙasa." Mutumin da ya ɓoye fuska ran nan don kar ni kaɗai in ga hawayensa, shi ne yau yake cewa a shimfiɗe shi a gaban duk layi. Ya sake bugawa. Samarin suka kalli ubansu, suka kwantar da shi a tabarma.

Na ji wata ta ce, "Yau za a karya bawan Allah." Wallahi, Yaya, kamar daga wani gari na ji ta. Na ɗaure zane, na zaunar da shi, na zagaya bayansa na zura hannuwa ta hammatarsa na riƙe. Na sauka kamar zan zauna a kujera. Ya ɗan juyo ya ce mini a hankali, "Mota, tashi." Na tura ƙasa da dugadugaina, muka tashi tare. Na ajiye shi a keke, na gyara masa hula.

Wan ya matso kusa da keke. Sannan ya durƙusa gaban ƙanensa ya ce, "Kana son zama?" Maigidan ya amsa, wannan karon wan bai nemi in fassara masa ba. Ya share ido da bakin riga, ya ce wa samarin su sauke jakar da suka riga suka sa a mota. Ya ce ɗakin yana nan in mun je ziyara, mu biyu. Matar mai shago kuwa, a bakin ƙofa ta tsaya tana tambayata a hankali ko ƙarfen nan na maganin ciwon baya. Na ce ta zo da safe, ta taho da wando.

Da yamma ni na tura shi gindin bishiya. Yara suka ce, "Mama Ƙwanji!" Na ce, "Na'am."

Ina kewar yaron nan, Yaya, kullum. Da yana nan da ya cika layi da ihu. Amma ya bar mini abin riƙewa, kuma na riƙe.

Saura labari ɗaya. Mage ta rame, Maigidan kuwa wuya ya cika, har rigunansa sun fara kama shi. Jiya da na ɗaga shi na ji ya fi ƙarfen nauyi. Na aika wa mai walda ya zo gobe ya ƙara wa Baba faifai ɗaya.

Ki gaida maigida, ki shafa mini kan jikoki. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki da kika raina,
Tsinke