Ladidi ta gaishe da Baba

Unguwar Bagama, Suleja

Zuwa ga Yaya Sani,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya aiki, yaya iyali, yaya zaman Ikko? Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi.

Labarin 'yarka Ladidi zan ba ka. Da Baba ya ji ana koya musu waƙa a makaranta, har da ganga, sai ya ce a cire ta daga makarantar, wai gidanmu ba a taɓa yin maroƙi ba. Na roƙe shi ya dakata, don na lura in tana waƙa i'ina ba ta kama ta. Malaminsu ma ya lura, yana sa ta buga ƙafa a hankali in za ta yi magana.

Ran Juma'a ta durƙusa a zaure ta ce, "Kaka, barka da saukowa daga masallaci," tiryan-tiryan, babban yatsanta na ƙafa yana ta motsi a kan tabarma. Sai Baba ya ce, "Sake faɗi in ji, amarya." Ran Litinin shi ya tashe ta kar ta makara.

Ka sa ta a addu'a. Inna tana gaishe ku, ka gaida mutanen gida.

Ƙaninka,
Garba