An Ce Intanet Ta Ce Ni Ba Ungozoma Ba Ce

Zuwa ga:
Mai girma Babban Jami'in Lafiya na Gunduma

Daga:
Daw Nyunt Yi, ungozoma, ƙauyen Thayetkon

Litinin, 14 ga Agusta, 2017

Game da: Ƙagen da ake yi mini a waya, da lafiyar wata mai ciki

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina gabatar da kokena kamar haka:

1. Mai girma ya san cewa a nan, in an ce intanet, shafin nan na sada zumunta mai launin shuɗi ake nufi. Ko Zaw Htet mai shagon waya ne yake buɗe wa kowa nasa shafin, kuma kalmar sirrin kowa tana hannunsa, har da tawa. Ban taɓa tambayarsa ba, don ban san cewa mallakina ce ba.

2. Ranar 2 ga Agusta aka sa hotona a shafin, aka rubuta cewa ba ni da takardar aiki, wai allurata ce ta kashe wani jariri da ya rasu a watan Yuni. Shekara ashirin da shida ina karɓar haihuwa a ƙauyen nan. Rabin masu yaɗa zancen ni na yanke musu cibiya.

3. Ranar 5 ga wata na roƙi dagacinmu, U Pe Thaung, ya duba sunana a jerin ungozomomin hukuma da ke intanet. Ya buɗe shafin shuɗin, ya rubuta sunana, sai ƙagen nan ya fito. Ya juya wayar kowa ya gani, ya ce to ga abin da intanet ta ce. Na yi bayani cewa jerin yana wani wuri dabam. Aka yi mini dariya a shagon shayi, wai tsohuwa tana da tata intanet a ƙarƙashin gado.

4. Ma Khin Saw, matar wani manomi, ta shiga watan haihuwa, kuma ɗan a gicciye yake. Surukarta ta hana ni shiga gidan. Damina ta cinye hanyar asibiti. Wannan shi ne abin da yake hana ni barci.

5. Tun ranar 10 ga wata ba mai amsa gaisuwata a kasuwa. An kashe karena. Jiya kuma aka canja kalmar sirrina, wayata ta daina buɗe shafina, ni kaina ba na iya shiga.

Saboda haka ina roƙon mai girma ya turo jami'i da ƙafarsa, ɗauke da takarda mai hatimi, ya karanta ta a gaban jama'a, ya kuma duba Ma Khin Saw. Don Allah kada a amsa ta waya, ban san wanda zai karanta ba.

Ina roƙon a zo kafin Juma'a, 18 ga wata. Yau da safe maƙwabciyata ta nuna mini wani rubutu da aka sa a shafina da sunana da hotona, ina ban kwana da jama'a, wai ranar Juma'a zan bar gari ba zan sake dawowa ba. Ranka ya daɗe, ban rubuta ba, kuma ban shirya zuwa ko'ina ba.

Ni ce mai biyayya gare ka,

Daw Nyunt Yi