Agogon da Ka Rataya a Wuro Hausa

Wuro Hausa, Yola,
Jihar Arewa maso Gabas.
Goman ƙarshe na azumi, Nuwamba 1970.

Hammana, sanyin idona, inuwar tsamiyata da tsakar rana, ruwan sabuwar randa ga mai buɗe baki, mai sunan da hannuna ya rubuta a bayan ambulan amma bakina bai taɓa furtawa ba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa cike fal kamar Binuwai a tsakiyar damina. Ina gajiyar karatu, yaya sanyin Landan, yaya ibada? Mu nan kowa lafiya. Gogo, ƙanwar mahaifinka, ta ce a tambaye ka ko Turawa sun hana ka abinci ne, don hoton da ka aiko duk wuya ne da kunnuwa.

Takardarka ta same ni a makaranta a Jimeta. Na danne zuciyata har na sallami 'yan ajina, na karanta ta a motar Yola, na sake karantawa a gida. Ka ce malamanka sun yaba da kai, suna so ka ƙara shekara biyu a kan karatun aikin ruwa, gwamnatin jiha kuma ta amince. Ka ce ba za ka sa hannu ba sai da yardata. Sannan, da yake ka san inda nake da rauni, sai ka kawo zancen agogo.

Ka ce majalisar ƙasar tana shirin jefa ƙuri'a kan dokar lokacin nan da suke gwadawa. A da in zafi ya zo sukan tura agogonsu gaba da awa guda, in sanyi ya shigo su mayar da shi baya. Shekarar da ka je suka bar shi a gaba, sai ya zo daidai da namu na Nijeriya, rani da damina. Yanzu za su yanke ko a bar shi haka har abada, kai kuma kana ta addu'a a bar shi. "In dokar ta tabbata," in ji ka, "mene ne shekara biyu? Kamar muna gari ɗaya ne, ƙarfe ɗaya ke buga mana." Wayonka yana nan, Hamma, teku bai wanke shi ba.

Ka tuna yammar da muka sayi agogon nan? Ana jibi za ka tashi, ina da ƙaramin ciki, warin komai yana tayar mini da zuciya. Ka fito daga kanti a Jimeta rungume da shi kamar jariri, ka ce mu biya bakin kogi in sha iska. Muka zauna a kan wani kifaffen kwale-kwale, masu fito suna ta kai da kawowa, rana ta yi ja a kan ruwa, agogon kuwa yana ta ƙas-ƙas a cikin kwalinsa tsakanina da kai. Da muka koma gida ka tashi rataya shi, ƙusa ta lanƙwashe, guduma ta sami yatsanka, Gogo ta ce wannan ne za a tura ya kawo wa gari famfo? Ka daidaita shi da na hannunka, ka koya mini yadda zan riƙa rage awa guda in sanyinsu ya zo. Sai ga takardarka ta farko tana cewa in bar lissafi, doka ta hutar da ni. Ranar na yi murna kamar an ce mini ka dawo Garuwa ta Kamaru, nan kusa da mu, da zama.

Tun daga nan nake zaune da kai a jikin bango. Kowace safiya in murɗa makullinsa in ba shi wani kafin in ɗaura ɗankwali. In ya buga takwas in ce yanzu yana ɗaura igiyar takalmi, in ya buga ɗaya in ce yanzu yana cin dankalin nan da yake zagi. Da azumi ya kama, bara da bana, ƙoƙo biyu nake jerawa a kan tabarma. In ladan ya kira magariba in zuba kunu a naka, in zuba a nawa, in ce bisimilla, mu sha tare. Gogo takan kalle ni ta girgiza kai, amma ba ta taɓa hana ni ba.

To, a ƙasan takardar nan taka, wajen da kake ba ni labarin azumi, ka ce kwanakinku gajeru ne, kana buɗe baki da dabino a cikin bas tun wajen ƙarfe biyar. Ƙarfe biyar, rabin raina! A lokacin ni ko man ƙosai ban ɗora ba, ranarmu tana nan a kan rimin maƙwabta. Ka ce sahur kuwa kana ci har bayan shida, lokacin da tuni na yi asuba na share tsakar gida. Ashe duk kunun nan ni kaɗai nake sha. Ni da nake juya ƙwallon duniya a gaban yara ina nuna musu inda rana ke faɗuwa, ban taɓa juya shi a kaina ba, don ban so in sani ba. Na karanta wa Gogo, sai ta ce, "Bingel am, 'yata, Nasara ya tura hannun agogo, to rana fa, wa zai tura shi?"

Na daɗe ina juya abin. Ko a nan gida, mu da Ikko agogonmu ɗaya, amma mukan sha ruwa su suna sauran jira. Kai da kanka ka rubuto mini cewa dokar nan ta sa 'yan makarantarsu suna fita cikin duhu da safe, har ana ɗaura musu ƙyalle mai ƙyalli a hannu don kada mota ta buge su, manoma suna ta ƙorafi, masu shaguna kuma suna murnar hasken yamma. Abin da aka ƙara wa yamma daga safiya aka ɗebo shi. Haka shekara biyun nan taka take, hasken zuciyata. Daga ina za a ɗebo ta? Wa za a rage wa?

Bari in gaya maka wa, ko da zan keta kunyar 'yar fari, tunda takarda ba ta da ido. 'Yarka Fadimatu, da muke kira Dada don sunan mahaifiyarka ne, ta fara haɗa magana. Goshinka ne da ita, da taurin kanka. Shekaranjiya Baffa Bappayo, wan mahaifinka, ya shigo gaishe mu bayan la'asar. Ya ɗora ta a cinya yana mata wasa, ya ce, "Dada, ina Baba?" Ta zame ta sauka, ta ja shi da gefen riga har ƙofar ɗakina, ta ɗaga yatsa ta nuna bango. Ta ce, "Baba."

Baffa ya fara dariya, sai ya dubi fuskata ya fasa. Wa ya koya mata in ba ni ba? Tun tana goye nake tsayawa da ita a gaban agogon nan ina cewa ga Baba ya tashi, ga Baba ya tafi makaranta. In ya buga takan bar wasa ta ruga ɗaki. Jiya da shan ruwa na neme ta na rasa, sai na same ta ta yi ɗage a ƙarƙashinsa, ta miƙa masa guntun ƙosanta, tana jira ya karɓa. Na juya baya na yi kuka, Hamma, kukan da ban yi ba ranar da jirgi ya ɗauke ka.

Ina alfahari da kai, Allah shi ne shaida. Na san abin da shekara biyun nan za ta ƙara maka, na san matan unguwannin Gwadabawa da Ajiya suna jiran ranar da za su huta da tulu. Amma abin da ka koya a shekara uku ya isa ka fara, sauran ka koya a bakin Binuwai, ruwan da za ka yi wa aiki ke nan. Su jefa ƙuri'arsu yadda suka ga dama, su bar agogonsu a gaba ko su mayar da shi baya, ni na daina saurara. Ka nemi yardata, kuma ba ka saba jin a'a daga bakina ba. Yau ka ji. Ban yarda ba, masoyina. Ka dawo da damina mai zuwa kamar yadda ka yi alkawari.

In ka ƙi ji ka zauna, ba inda za ni. Za ka same ni a ɗakin nan, taka ce ni a shekara biyu, taka ce a ashirin, har ranar da za a miƙe ni a dama. Ni na san wanda nake jira. Dada ce ba ta sani ba, kuma ƙosanta yana hannunta. Ka zo ka karɓa.

Taka, da zuciya ɗaya, yau da gobe da ranar tsayuwa,

Sabuwa