Sunan Kawu Iro a Allon Shago

Alhamis, ranar kasuwa, Batsari

Muryata ta dishe, ƙafafuna sun yi nauyi. Tun da na buɗe shagon nan ban taɓa ganin jama'a irin ta yau ba.

Da can allona cewa yake, "Akwai buhun adana wake," ba mai ko waiwaye. Jiya na goge na rubuta, "Me ya hana waken Malam Iro yin ƙwari har bana?" Sai ga masu babur suna taka birki. Wani tsoho daga Wagini ya ɗaure jakinsa ya ce, "Ɗana, laya ce ko magani?" Na nuna masa buhun, ya saya yana dariya.

Bayan la'asar Kawu Iro ya zo, da ƙyar ya amsa gaisuwata. Ya ce, "Sani, a wannan zamanin za ka shelanta ina da wake a ajiye? Ka san wa ke karantawa?"

Gidansa ne na ƙarshe ta bakin daji, inda 'yan bindiga ke ɓullowa.

Na goge sunan da hannun rigata a gabansa, amma kasuwa ta riga ta watse, kowa ya tafi da shi a baki. Allah ya sa Kawu ya kwana lafiya. Ni dai barci ya ƙi.