Ranar da Baba Ya Tsaya a Majalisa

Daga Alƙahira zuwa Gammo.

Assalamu alaikum Baba. Ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya, kai da Inna da ƙanwata Sa'adiya. Yaya gona?

Ni lafiya lau. Karatun jinya na tafiya, sai dai Larabcinsu da sauri, wani lokaci nakan fito aji ban kama komai ba. Kada Inna ta ji wannan.

Malam Choji na makarantarmu ya turo mini bidiyon zuwanku Kano. Baba, kai da ko a taron suna ba ka cika magana ba, sai ga ka tsaye gaban 'yan majalisar jiha a madadin ƙungiyar iyaye da malamai! Da ka ce, "Shekara uku 'ya'yanmu ba malamin kimiyya. Zuwanmu na biyar ke nan, kuma za mu dawo," sai da na yi hawaye.

Malam ya ce an amince a tura malaman kimiyya makarantun ƙauyuka, namu ma ya iso. Ka gaya wa Sa'adiya ta share hawayenta, ba sai ta haƙura da burin zama likita ba.

Allah ya ƙara girma. Duk wadda ta shigo ɗakinmu sai na nuna mata bidiyon, na ce, "Wannan mahaifina ne."

'Yarka,
Badi'a