Burodin kirfa biyu, kujera ɗaya ba kowa

Zuwa ga Malama Ingegerd, mai shafin shawara a jarida,

Don Allah ki taimake ni da shawara, domin na rasa wanda zan tambaya. Ki yi haƙuri da rubutuna, mu aji bakwai kawai muka yi a makarantar ƙauye, tun zamanin da ake tsoma alƙalami a tawada.

Shekaruna tamanin da ɗaya. Ina zaune ni kaɗai a hawa na uku, a wani tsohon gida da ba shi da na'urar hawa bene sai matakala, guda arba'in da takwas. Gwiwata ta dama ta lalace. A watan Oktoba likita ya ce za a yi mini tiyata a sa ta roba, amma sai na rage kilo goma kafin watan Afrilu. 'Yata da ke Malmo ta riga ta faɗa mini ta waya cewa in ba a yi aikin nan ba, ba za ta bar ni in ƙara wani hunturu a saman benen nan ba, gidan tsofaffi za ta nema mini. Ban ga laifinta ba. Amma a ɗakin nan muka yi shekara hamsin da biyu da matata Gunhild, labulen da ta ɗinka ne har yau a taga. In aka fitar da ni daga nan ban san me ya rage ba.

Yau wata huɗu ke nan, kilo ɗaya tak na rage.

Ba lalaci na yi ba, Malama. Shekara arba'in ina raba wasiƙu da ƙafa a garin nan, cikin ruwa da dusar ƙanƙara, ina cin duk abin da aka ajiye a gabana, ban taɓa yin tumbi ba. Malaminmu na motsa jiki, wani tsohon soja, ya koya mana cewa gumi kitse ne da ya narke yake fita ta fata, na kuma yarda da shi duk rayuwata. Saboda haka kullum nakan sa rigar ulu biyu a ƙarƙashin kwat, in ɗauki sanda, in taka har gidan burodin da ke bakin tashar jiragen ruwa in dawo, kilomita biyu da ɗan wani abu. In na dawo sai in sake sauka in hau benen sau ɗaya, don ƙarin gumi. Ranar Talatar da ta wuce na zauna a kan matakala ta ashirin na kasa tashi, na yi kusan rabin awa a wurin, ina jin kunyar kada wani ya fito ya gan ni.

Wanda ya gan ni kuwa shi ne Torsten, maƙwabcina na hawan ƙasa, tsohon masunci, shi ma matarsa ta rasu. Ba shi da aiki sai leƙe ta ƙofa. Cewa ya yi, "Kai mai wasiƙa, cikin nan wata nawa ne? Ka faɗa mini in fara saƙa wa jaririn safa." Na ce masa ya koma ya ci kifin gwangwaninsa, tunda ko dankali bai iya dafawa ba. Shi ya kama ni ya kai ni har ƙofata, yana haki yana zagina. Iyakar abin da ke tsakaninmu ke nan shekara talatin.

Ta wajen abinci ma na yi ƙoƙari. Na daina cin abincin rana gaba ɗaya. Da yamma ɗan burodi busasshe da shayi. Na bar dankali, na bar nama, ƙwai ma na bari. Hannuwana sun zama kamar sanduna, zoben aurena yana zamewa, jiya na kasa buɗe kwalbar magani. Tumbin kuwa yana nan inda yake.

Akwai abu ɗaya da ban faɗa wa likita ba, ban faɗa wa 'yata ba. Tun da muka yi aure, ƙarfe uku na rana muke shan kofi, ni da Gunhild, kowa da burodin kirfarsa a ƙaramin faranti. Ni ke sayo su. Ta rasu shekara biyu ke nan. Washegarin binne ta na shiga gidan burodin, Maj-Britt mai sayarwa ta miƙo mini leda da guda biyu kamar kullum, ta ce, "Ga naku, Baba." Na buɗe baki in ce ɗaya, kalmar ta ƙi fita. Har yau ba ta fita ba. Maj-Britt ta san Gunhild ta rasu, ta zo coci ma, amma ita ma ina jin ta kasa cire ɗayan. Ita kaɗai ce mutumin da ke yi mini magana a yini, in ka cire bakin Torsten.

Nakan dawo in jera faranti biyu. In ci nawa. In zauna ina kallon ɗayan. A gidanmu ba a zubar da abinci, uwata takan tattara ɓarɓashin burodi da yatsa ta sa a bakinta. Sai in jawo na Gunhild in cinye. Nakan ce wa kaina ai tafiyar ta riga ta biya.

To ki faɗa mini gaskiya, Malama: tafiyar ce ba ta isa ba in ƙara, ko abincin ne zan ƙara ragewa? Ban san me ya saura in rage ba. Wani lokaci nakan ce a bar shi kawai, su zo su ɗauke ni, su sauke labulen.

Tsohon mai raba wasiƙu, Hudiksvall


Baba,

Na karanta wasiƙarka sau biyu, rubutunka kuwa ya fi nawa kyau. Kada ka sauke labulen tukuna.

Ga amsar tambayarka kai tsaye: wajen rage kitse, abin da ke shiga baki ya fi nauyi a kan tafiya. Malaminka soja ya yi kuskure, gumi ruwa ne da gishiri, kofi biyu na ruwa su mayar da shi. Cire rigar ulu ɗaya. Burodin kirfa guda, na gidan burodi mai man shanu da sukari, sai an yi tafiyar awa ɗaya ko fiye kafin jiki ya ƙone shi. Tafiyarka ba ta biyan ko guda ɗaya cikakke, balle biyu. Lokacin da kake raba wasiƙu, yini guda kake a tsaye da jaka a kafaɗa, shi ya sa komai ya wuce lafiya.

Amma ba burodin ne ya fi tayar mini da hankali ba. Ka bar abincin da ke riƙe jikinka, ka riƙe wanda ke riƙe tumbin. Abin da ya tafi daga hannuwanka tsoka ce, kuma ita za ka buƙata ka miƙe bayan tiyata. Mai shekarunka ba ya rage ƙiba da yunwa. Daga gobe ka dawo da abincin rana: kifi ko ƙwai ko wake ko ɗan nama, da dankali biyu da ganye. Da yamma ma ka ci abin kirki.

Motsa jiki yana da nasa aikin, shi ne tsare tsoka da ƙarfin ƙafa, don haka ban ce ka zauna ba. Ci gaba da zuwa bakin tasha in gwiwar ta yarda, amma sake hawan benen nan don gumi ka daina shi yau ɗin nan. Faɗuwa ɗaya a matakalar nan za ta kai ka gidan tsofaffi tun kafin 'yarka ta cike takarda.

A makon nan ka kira asibitin unguwarku. Ka faɗa wa likita duk abin da ka faɗa mini, har da zoben da zaman da ka yi a matakala. Ka roƙi a haɗa ka da mai ba da shawara kan abinci, da mai gasa ƙashi da zai nuna maka motsin da ba ya cin gwiwa, wataƙila a cikin ruwan ɗumi. Ba zan yi maka alkawarin kilo goma a wata biyu ba, bai ma kamata ka nema ba. Amma likita yana iya sake duba adadin ko ranar in ya san gaskiyar halinka. Ka faɗa wa 'yarka ita ma. Tsoro ne ke sa ta maganar gidan tsofaffi, kuma tana yanke shawara ne a kan rabin labari.

Saura faranti na biyu. Ba zan ce ka je ka ce wa Maj-Britt "ɗaya" ba. Shekara biyu kalmar ta ƙi fita, bar ta. Karɓi biyun kamar kullum. Sai dai a hanyarka ta dawowa akwai wata ƙofa a hawan ƙasa, kafin ka taka matakala ko ɗaya, bayanta akwai mutumin da ke cin kifin gwangwani shi kaɗai, wanda ya san lokacin fitarka da lokacin dawowarka, ya kuma ɗauke ka har sama yana haki. Wanda bai damu da kai ba ba ya tsayuwar leƙen nan. Ƙarfe uku ka ƙwanƙwasa masa. Zai ce wani abin banza, ka rama. Ka ba shi na Gunhild, kai ka ci rabin naka, ka nannaɗe sauran rabin don gobe, ba a zubar da komai ba.

Ina yi maka fatan sauƙi, Baba, da ƙafa mai ƙarfi a bazara. Ka gaida mini Torsten, ka ce masa ya dakata da saƙar safar.

Ingegerd