Motar Sanyin da Aka Sa a Gwanjo

Mile 2, Diobu, Fatakwal
Watan Yuli

Uwargidana Dina,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya jikin Mama? Ina fata kumburin ƙafar ya sace. Yaya ke da hidimar jinya, da mutanen Zonkwa duka? Ni da ɗiyarmu Hephzibah muna lafiya, sai ruwan sama da ba ya ɗaukewa.

Abin da muke tsoro ya tabbata. Kamfanin daskararren nama ya rufe, an sallame mu gaba ɗaya. Ban faɗa miki ta waya ba, domin na san a gaban Mama kike ɗauka.

Amma akwai wata ƙofa. Za a sayar da motocin kamfanin ta gwanjo a intanet, har da motar sanyin da nake tuƙawa. Alhaji Yero, dillalin shanun nan na mayankar Trans-Amadi, ya ce in dai na mallake ta, ni zan riƙa kai wa otal-otal namansa.

Ni dai gwanjon da na sani shi ne na bakin kasuwa, inda kake ganin idon mai tayawa. Wannan ba haka yake ba. Abokina Micheal ne ya zaunar da ni ya koya mini, tunda shi a ofishin kamfanin ya yi aiki, ya san kan na'ura. Za ka yi rajista, ka ajiye kuɗin kafin alƙalami, a ba ka lamba maimakon suna. Kowa yana ganin tayin da ya fi yawa, amma ba wanda ya san mai shi. Sannan akwai wani wuri da za ka rubuta iyakar abin da za ka iya biya. Wannan a ɓoye yake. In wani ya taya, shafin da kansa zai riƙa ƙara maka kaɗan-kaɗan har a kai iyakarka, daga nan sai ya tsaya. In lokaci ya cika, wanda ke sama shi aka sallama wa.

Na haɗa kuɗin sallamata da na filin nan na Kagoro da kika yarda a sayar. Micheal ya tambaye ni ƙarshen ƙarfina, na faɗa masa, shi ya shigar mini da hannunsa. Ya ce in kwantar da hankalina, ba mai son tsohuwar mota irin wannan. Kin san tun muna samari muke tare, ban da kamarsa a garin nan.

Ki sa abin a addu'a. Ki gaishe da Mama.

Naki,
Kure

Mile 2, Diobu
Ƙarshen Yuli

Dina,

Ina gaisuwa. Na ji daɗi da kika ce Mama ta fara takawa. Allah ya ƙara sauƙi.

Motar ta kuɓuce mini.

Tun farko mu da yawa muke tayawa, sai mutane suka riƙa janyewa, har ya zama ni ne a sama. Ranar rufewa na zauna a shagon mai cajin waya na bakin layinmu saboda babu wuta, ina kallon lokaci yana raguwa. Har na fara tunanin tayoyin da zan canza. Ana dab da rufewa sai wata lamba da ban taɓa gani ba ta shigo, ta ɗora kaɗan a kan iyakata. Ba ta yi ta ja da ni ba, sau ɗaya ta taya, kamar mai ganin cikin aljihuna. Na nemi ƙarawa, to me zan ƙara? Kafin in gama tunani an rufe.

Na kira Micheal bai ɗauka ba. Da yamma ya turo saƙo cewa haka gwanjo yake, in yi haƙuri.

Sun ce za a mayar mini da kuɗin ajiyata, don haka ba mu yi asarar kuɗi ba. Amma filin ya tafi, kuma na ji ana cewa wanda ya saya har ya zuba bulo. Wannan ne ke hana ni cin abinci. Hephzibah ta lura. Jiya ta ce mini, “Daddy, you no dey chop again?” Na ce mata zazzaɓi ne.

Alhaji Yero ya jajanta mini, amma ya ce nama ba ya jira, duk wanda ya zo da mota shi zai ba aikin. Ban ga laifinsa ba.

Mijinki,
Kure

Mile 2, Diobu
Watan Agusta

Maman Hephzibah,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Ki karanta wannan ke kaɗai.

Ran Lahadi a coci aka ce akwai masu godiya ta musamman. Sai ga Micheal da matarsa Angela sun fito da rawa, sanye da anko. Ni ma na tashi na bi bayansu ina tafi, ban san ko godiyar mece ce ba. Fasto ya ce Ubangiji ya ba ɗan'uwanmu abin sana'a bayan rasa aiki, mu fita waje a yi addu'a a kai.

Dina, motata ce a bakin ƙofa. An wanke ta, an ɗaura mata jan kyalle. Jama'a suka kewaye ta suna waƙa, aka ce kowa ya ɗora hannu. Ina tsaye kusa da ƙofar direba, matar da ke gefena ta kama hannuna ta ɗora a kan ƙarfen. Na ce amin tare da kowa. Micheal bai ɗaga ido ya dube ni ba ko sau ɗaya.

Washegari ya zo gida. Bai zauna ba. Ya ce wansa na Onitsha, mai shago a unguwar Fegge, shi ya ba da kuɗin, kuma da bai saya ba wani baƙo ne zai saye. Ya ce yara huɗu gare shi, mai gidan haya kuma ya ba su notis su tashi. Na tambaye shi abu ɗaya: lokacin da yake shigar mini da iyakata, ya riga ya yi niyya? Sai ya ce, “Kure, na business.” Da Turanci ya faɗa, mu da ba mu taɓa yin wata magana ba sai da Hausa.

Daga nan ya faɗi abin da ya kawo shi. Bai iya tuƙa babbar mota ba, kuma Alhaji Yero ya ce ba zai ba da namansa ga direban da bai sani ba. Yana so in tuƙa masa, a kan albashi.

Na so in kore shi. Amma na zaga Trans-Amadi kaf, ba inda ake ɗaukar direba, ga makarantar Hephzibah za a koma, ga maganin Mama. Na ce masa zan karɓa, da sharaɗin a rubuta yarjejeniya a gaban Alhaji Yero, da shaidu. Ya ce, har sai mun yi haka tsakaninmu? Na ce masa e, yanzu sai mun yi.

Jibi zan fara. Ban san yadda zan riƙa miƙa masa makulli kowace yamma ba, kuma ban san ko kin yarda da abin da na yi ba. Angela za ta kira ki, na tabbata. Ba zan ce ki ɗauka ko kar ki ɗauka ba.

In jikin Mama ya yi ƙwari, ki dawo. Gidan ya yi mini girma.

Ni ne mijinki,
Kure